Marasa lafiyar da ke zuwa asibiti da maganinsu a ka

A bencin jiran likita kowa da ciwonsa, amma da yawa tun daga gida sun riga sun yanka wa kansu magani, sa hannu kawai suka zo nema.

Ga sarkin allura. In aka ba shi ƙwaya sai ya jujjuya ta a tafin hannu ya ce, "Likita, shi ke nan?" A wurinsa maganin da bai yi zafi ba bai shiga jiki ba. Kusa da shi Hajiya mai ƙarin ruwa ce, wadda ba ta yarda an duba ta sai ta ga leda rataye a samanta, 'yan dubiya na shigowa da kuloli suna jera mata sannu.

Alhajin tsada kuwa da kuɗi yake auna magani, wai araha ba ta ado. Yana da 'yan'uwa har Amurka. A 2008 mujallar likitoci ta JAMA ta buga wani gwaji da aka riƙa jona wa mutane lantarki, aka kuma ba su ƙwayar bogi da sunan maganin zafi. Cikin waɗanda aka ce wa kuɗinta dala 2.50 ne, kashi 85 cikin 100 sun ce zafin ya ragu. Waɗanda aka ce wa an karya farashinta zuwa santi 10, kashi 61 ne kawai. Ƙwayar dai guda ce.

Mai tsoron wuƙa shi ya fi ban tausayi, don yadda aka juya masa magana haka yake juyawa. A 1982 Barbara McNeil da Amos Tversky da abokan aikinsu sun ba mutane zaɓi tsakanin tiyata da gashi a kan cutar dajin huhu. Da aka ce 90 cikin 100 na tashi daga tiyatar, kashi 18 ne suka guje ta. Da aka ce 10 cikin 100 na mutuwa, sai masu gudun suka kai kashi 44. Har da likitoci a cikinsu, saboda haka kada wani mai farar riga ya yi dariya.

Sai Malam "an ce", wanda babban likitansa wayarsa ce. A watan Agustan 2014, bayan da Ebola ta shigo Legas, saƙo ya bazu cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Tun kafin asuba aka riƙa tada mutane daga barci ana ɗora tukunya. Aƙalla mutum 2 suka mutu a Najeriya saboda gishirin, ba tare da Ebola ta taɓa su ba.