Salatin da Na Yi a Ƙarƙashin Bahar Maliya

Har yanzu gishirin bai gama barin maƙogwarona ba. Gara in ba da labarin da bakina kafin Kawu ya aika shi Panshekara da nasa ƙarin gishirin.

Da muka kammala Umara, ɗan Kawu ya ce mu je Abhur, arewa da Jidda, mu yi nutso mu ga murjani. Na bugi ƙirji. A kogin Challawa na koyi iyo, cikin masu ɗebo yashi, a ruwan da in majemu suka sako nasu ko tafin hannunka ba ka gani. Wane teku ne zai razana ni?

Aka matse ni cikin rigar roba, aka ɗaura mini ɗamarar dalma, aka goya mini tukunyar iska, aka sa mini ƙafafun agwagwa. Malamin nutson ya ce sabon shiga ba ya wuce mita 12, in kunne ya toshe a matse hanci a hura, kuma komai rintsi kada in saki robar numfashi daga bakina.

Kawu na zaune a bakin ruwa da kofin shayi. Shekararsa 30 a Jidda, ko yatsa bai taɓa tsomawa ba, amma shi ma yana da darasi.

"Ɗana, ka san dai a nan Fir'auna ya halaka, shi da yake da runduna."

"Na sani, Kawu."

"To, in ka ji abin ya fi ƙarfinka, ka ƙwala mini kira. Ina nan ba inda za ni."

Muka nutsa. Ikon Allah! Murjani ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar ƙwaƙwalwar sa a teburin mahauci, kifaye na kai da komo kamar Kantin Kwari ana gobe Sallah. Har na fara tsara yadda zan ba abokan aikina labari.

Sai muka iso bakin bangon murjanin. Ƙasa ta ƙare kawai. Ka ɗauka kana tsaye a kan Dala, ka leƙa, ka tarar an ɗauke Kano, ba komai sai shuɗin duhu. Ina cikin leƙen nan wani ɗan kifi mai ruwan lemo da farin zane ya fito daga gidansa a fusace, ya caki gilashin fuskata.

Jama'a, bakin Bahaushe ba ya shawara da mai shi. Na wangale shi na ce, "Innalillahi!"

Ko "Inna" ban ƙarasa ba. Robar ta fice tana tashi da kumfa, Bahar Maliya ta samu ƙofa. Na kurɓa, na sake kurɓa. Na kai hannu neman tiyo, na cafko gemun malamin. Ƙafar agwagwa ɗaya ta sulluɓe, ina kallonta tana gangarawa bangon a natse, ta fi ni mutunci. Kuma wallahi a wannan lokacin shawarar Kawu ce kaɗai ta faɗo mini. Na sake buɗe baki na kira shi.

Malamin ya cusa mini robarsa ta ajiya, ya riƙo ni muka hau a hankali, kamar an tsamo kaza daga rijiya. Na kwanta a bakin ruwa ina amayar da teku.

Kawu ya ajiye kofinsa, ya dube ni da takaici.

"Yaran zamani ba kwa jin magana. Ba na ce ka kira ni ba?"

Agogon malamin ya nuna mita 4, minti 6. Kifin kuwa bai fi ɗan yatsana ba.