Rabe-raben Masu Saƙon Murya a Wayar Salula

Saƙon murya, wanda masu amfani da shi suka fi kira boyis, magana ce da mutum kan naɗa a wayarsa ta hanyar danne alamar makirfo, sannan ya aika wa wani ya saurara a lokacin da ya samu sarari. Manhajar WhatsApp ta shigo da wannan tsari a shekarar 2013, kuma a 2022 kamfanin ya bayyana cewa ana aika kimanin saƙon murya biliyan 7 a kowace rana a faɗin duniya. Karɓuwarsa a ƙasar Hausa ba abin mamaki ba ce, domin ya ɗauke wa wanda bai yi boko ba wahalar neman mai rubuta masa wasiƙa, ya kuma hutar da wanda ya yi bokon daga laluben haruffa masu ƙugiya a allon waya. Ko kafin zuwan salula ma, 'yan ci-rani sun saba naɗar gaisuwa a kaset su bai wa matafiyi ya kai gida. Sai dai duk sauƙin da mai aikawa ya samu, mai karɓa ne ke biyan kuɗinsa da lokacinsa da datarsa da haƙurinsa, kuma gwargwadon nauyin da kowa ke ɗora wa mai sauraro ne aka rarraba waɗannan bayin Allah.

Babba a cikinsu, wanda ladabi ya wajabta a fara da shi, shi ne mai dogon zango. Wannan bawan Allah galibi dattijo ne ko dattijuwa, kawu ko gwaggo, kuma akan gane saƙonsa tun kafin a buɗe, saboda adadin mintocin da ke rubuce a ƙarƙashinsa ya isa a dafa shayi a shanye. Yakan fara da sallama cikakkiya, ya yi shiru kaɗan tamkar yana jiran a amsa, sannan ya shiga gaisuwa bisa tsarinta na asali ba tare da ya zubar da ko ɗaya ba: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya maigidan, yaya yaran, yaya aka ji da zafi, yaya kuma ƙarin haƙuri na rasuwar da aka yi bara. Da yake babu mai amsa masa, shi da kansa yake cewa madalla bayan kowace tambaya, har yakan yi wa kansa godiya. A daidai lokacin da mai sauraro ya fara sa rai za a shiga magana, sai a ji ya juya ya daka wa wani yaro tsawa cewa ya rufe ƙofa kada akuya ta shiga, sai tari, sai cinikin mai sayar da ruwa da ya tsaya a ƙofar gida, wanda za a saurara daga tayi har zuwa sallamawa, domin yatsan mai dogon zango ba ya sakin makirfo komai ya faru. Idan ya dawo yakan ce yauwa, ina muka tsaya, kuma tun da ya manta inda aka tsaya, sai ya ga ya fi aminci ya koma kan gaisuwa.

Abin da ya sa ba a iya tsallake saƙon wannan mutum shi ne, a wani wuri cikin minti na bakwai ko na takwas akwai jimla guda mai muhimmanci, wataƙila ranar ɗaurin aure ko sunan asibitin da aka kwantar da wani, kuma ba ta da wata alama da za a gane ta da ita, saboda ita murya ba a duba ta da ido a tsinci abin da ake nema kamar yadda ake yi wa rubutu. Wanda ya ja saƙon gaba don ya taƙaita wa kansa wahala yakan faɗa tsakiyar addu'ar rufewa, wadda ita ma takan game iyaye da kakanni da shugabanni da ƙasa baki ɗaya. Sau da yawa kuma, bayan an kammala sauraro da kyakkyawar niyya, sai wani saƙon ya biyo baya mai cewa af, ainihin abin da ya sa aka yi maganar an manta da shi, ga shi nan tafe. Duk da haka ba a jin haushinsa sosai, domin a cikin mintocin nan akan ji kukan zakaran gida da muryoyin 'yan uwa, abin da rubutu ba ya kawowa.

Kishiyarsa shi ne mai yanka-yanka, wanda ke raba jimla ɗaya gida goma sha biyu, kowane saƙo daƙiƙa uku, ta yadda waya za ta yi ta ƙara a aljihu har a ɗauka gobara ce ta tashi. Kusa da shi akwai mai sallama, wanda kan aiko da assalamu alaikum kawai ya ɓace, ba zai faɗi buƙatarsa ba sai an amsa, buƙatar kuwa kusan kullum rance ce. Shi kuwa mai aljihu bai san ma ya aika komai ba, cinyarsa ce ta danne makirfo, ya tura wa zauren abokan makaranta minti huɗu na ƙarar babur da wani zance a kan ɗaya daga cikin 'yan zauren.

Sai mai sifika, wato wanda ke buɗe saƙon da aka aiko masa da cikakkiyar ƙara a cikin A Daidaita Sahu ko a layin banki. Wayoyin zamani suna da na'urar da ke gane an kai su kunne, ta mayar da sautin ta ƙaramar kafar da ake jin kira, amma shi ya fi son ya riƙe wayar a kwance a gaban bakinsa. Ta haka fasinjoji ke sanin cewa uwargida ta yi yaji, da dalilin yajin, da abin da surukai suka ce, kuma ba a rasa wani dattijo a kujerar baya da zai ba da shawara ba tare da an nema ba.

Wani rukunin kuma na masu bai wa waya umarni da baki ne. Tun da kamfanin Apple ya fito da Siri a 2011, wato manhajar da ake yi wa magana ta aiwatar da aiki, aka samu mutanen da ke ganin taɓa waya da hannu ƙasƙanci ne. Irin wannan yakan tsaya a tsakiyar majalisa ya umarci wayarsa da Turanci ta kira Hajiya, idan ba ta gane ba ya ƙara ɗaga murya, domin a ganinsa matsalar kurumta ce. Idan kuma ta gane, sai ta zaɓi ɗaya daga cikin Hajiyoyi tara da ke cikin wayar, kuma bisa al'ada takan zaɓi wadda ke bin sa bashi. Ƙaninsa shi ne mai shifta, wanda ke yin magana waya tana rubutawa. A 2024 kamfanin Google ya sanya Hausa cikin harsunan Afirka 15 da ya ƙara a wannan tsari, abin da ya zama ci gaba na gaske, sai dai na'ura tana tuntuɓe idan an cakuɗa Hausa da Turanci da Larabci a numfashi ɗaya, shi kuwa mai shifta ba ya karanta abin da aka rubuta kafin ya aika, don haka mai karɓa ne zai zauna yana warware saƙon ta'aziyya da ya fito da kamannin talla.

Bayan an aika saƙo ma akwai wasu. Mai gadin shuɗi yana zaune yana jiran alamar makirfo ta koma shuɗiya, shaidar an saurari saƙonsa, kuma idan minti biyu suka wuce babu amsa zai kira ya tambayi laifin da ya yi. Mai gogewa, wanda ya samu abin yi tun 2017 da aka ba da damar janye saƙo bayan an aika, yakan bar wa mutane sanarwar an goge wani abu, su kwana suna saƙe-saƙen ko mene ne. Akwai kuma mai gaggawa, wanda tun 2021 yake sauraron kowa da ninkin gudu biyu, har mahaifinsa, sannan ya amsa nasihar minti tara da hoton babban yatsa. Wannan galibi ɗan boko ne mai rubuce-rubuce a mujallu, kuma an sha jin sa yana naɗa wa abokai boyis na minti shida a kan illar dogon boyis. Kunya ta hana a tsawaita bayani a kansa.

Duk waɗannan ana iya zama da su. Wanda ba a yi wa uzuri shi ne mai turawa, wato wanda ke watsa saƙon muryar da bai san mai ita ba zuwa kowane zaure da yake ciki. Muryar kan ce ita likita ce a wani babban asibiti ko jami'in tsaro da ya nemi a sakaya sunansa, ta ba da labarin maganin da ke warkar da kowace cuta, ko harin da za a kai wata unguwa gobe, ko rasuwar mutumin da ke zaune lafiya a gidansa, ta rufe da roƙon don Allah kada saƙon ya tsaya a wajenka. Murya ta fi rubutu saurin shiga zuciya, musamman idan da harshen uwa aka yi ta cikin rawar murya da rantsuwa, kuma wanda bai iya karatu ba ba shi da hanyar bincikawa. A watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, saƙonnin waya sun tashi mutane da tsakar dare a sassan Najeriya cewa su sha ruwan gishiri su yi wanka da shi, aka kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare 5 a lokaci guda a 2019, amma mai turawa yana da lokaci, sai ya tura kaɗan-kaɗan har ya gama. Idan aka nuna masa ƙarya ce, amsarsa ita ce shi ma turo masa aka yi, kuma gobe zai sake. Hukuncin da ya dace da shi shi ne shugaban zaure ya gargaɗe shi sau ɗaya a gaban kowa, idan ya maimaita a cire shi, ko da kuwa shi ne babban yayan duk 'yan zauren.