Bokan Shikago da Bokanmu

Wani ƙanena da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya ishe ni da zuzuta littattafan Jim Butcher, har na karɓa na karanta don in huta. Labarin wani boka ne mai binciken laifi a birnin Shikago na Amurka, sunansa Harry Dresden. Na farkon, Storm Front, ya fito a 2000, yanzu jerin ya haura littafi 15.

Boka ne fa mai ofis, har da tallarsa a kundin lambobin tarho. Yana da aljani mai suna Bob da ke zaune cikin ƙoƙon kan mutum, da wata tsohuwar Volkswagen da kullum tana wurin bakanike, don duk na'urar da ya kusanta sai ta lalace. In abu ya gagari 'yan sanda, wata jami'a Karrin Murphy ke kiransa.

Turawa sun ce ƙage ne. Bagobiri kuwa sai ya ce ina ƙagen? Mu da har gobe akwai sarautar Inna, uwar 'yan bori, a garin Tsibiri? Abu ɗaya kawai na kasa gaskatawa: wai bokan yana bincike. Yana zuwa inda abin ya faru, yana tambayar shaidu, har duka yake sha.

Namu ba ya wannan wahala. Wayar wata Hajiya ta ɓace a gidan biki a garin Isa. Kafin a ɗaga tabarma a duba, an riga an isa zauren mai bugun ƙasa. Ya baje rairayi, ya ja layi da yatsa biyu, ya yi shiru yana kaɗa kai.

"Na gida ne, Hajiya. Mace ce, ba doguwa ba, ba gajera ba, wankan tarwaɗa."

Rabin matan unguwa ke nan, amma Hajiya ta riga ta gane mutum. "Allah gafarta Malam, dama jikina ya ba ni!" Amaryar mijinta dai ta shiga uku. Aiki kuma sai da baƙin zakara da turare da ɗan abin sadaka. Bayan an yi rantse-rantse an ɓata zumunci, sai ga waya a ƙarƙashin katifar Hajiya. Malam ya ce ai tsoron aikinsa ya sa aka mayar.

Maza kada ku yi dariya. A teburin mai shayi a Sabon Birni, kafin kofi ya huce an gano ɓarawo, da wanda ya aiko shi, da laifin kakansa. Hujja kuwa ɗaya ce: "Wallahi wani ne ya gaya mini."

Shi Dresden, da duk wahalarsa, kuɗin haya ma gagararsa yake. Na so in ce ya dawo nan ya ajiye bincike ya yi ƙiba. Sai dai ranar da ya gifta ta rumfar masu cajin waya, wayoyi suka mutu gaba ɗaya, ko Bob ba zai cece shi ba.