Ku Masu Cewa Haske Ai Haske Ne

Na san halinku, 'yan gardama. Da jin za a yi magana a kan kalmar Turanci guda ɗaya, glimmer, har kun fara taɓe baki: "Malam, aikin yi ne ya ƙare maka?" To, ku gyara zama.

A bakin mutanen Ingila, glimmer haske ne mai rauni, yana lumshewa yana dawowa, kamar aci-balbal da mai ya kusa ƙare mata. Daga nesa za ka hango shi, amma ba zai nuna maka hanya ba. Kalmar tana da dangi birjik masu farawa da gl, irin su gleam da glint da glitter da glow, kowace da irin nata ƙyallin. Tun 1930 masanin harshe J. R. Firth ya raɗa wa irin wannan zumunci na sauti da ma'ana suna. Jamusawa kuwa da kalmar glimmer suke kiran wani dutse mai sheƙi da ake ɓarewa falle-falle.

"To sai me?" in ji Alhaji daga can baya. Sai aljihunka, Alhaji. Ran da ka ga jaridar Turanci ta buga cewa akwai glimmer of hope game da farashin kaya, kada ka sa a yanka rago. Nufin mai rubutun shi ne fatan yana nan, amma da ƙyar yake numfashi. In kuma Bature ya ce bai ga ko glimmer na fahimta a fuskarka ba, kada ka yi masa godiya, ba yabonka ya yi ba.

Mick Jagger da Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones, waɗanda fitilun dandali suka yi shekaru suna kashe wa ido, Glimmer Twins suke kiran kansu. Wannan tawali'u, sai su.

A 2018 kuma wata Ba'amurkiya mai ba masu damuwa shawara, Deb Dana, ta sa kalmar a littafinta da ma'anar 'yan ƙananan abubuwan da ke kwantar da hankali, kamar dariyar yaro ko ƙamshin ruwan farko. Na ga Hajiya ta ɗaga hannu, wai wannan ai tun kaka da kakanni muke yi, sunansa godiyar Allah. Gaskiyarki, Hajiya. Sai dai ita ta rubuta ta sayar, ke kuwa kyauta kike rabawa.