Matafiyin mil 20

A Ingila akwai mutanen da gidansu siririn jirgin ruwa ne, faɗinsa bai kai ƙafa 7 ba, a kan magudanan da aka fara haƙawa a ƙarni na 18 don jigilar kwal. Hukumar Canal & River Trust ce ke kula da hanyoyin, wajen mil 2,000. Wanda bai kama matsaya ta dindindin ba, dokar 1995 ta hana shi wuce kwana 14 a wuri guda. Dole ya yi gaba.

To, gaba har ina? Hukumar tana so ta ga zangon da ya kai mil 20 a shekara. A shekara fa! Mai keke zai cinye wannan tsakanin azahar da la'asar. Duk da haka ana aika wa wasu takardar gargaɗi, musamman a Landan, inda tsadar haya ce ta tura da yawansu kan ruwa. Mutum ga aikin ofis, ga yara a makaranta, sai ya lallaɓa daga wannan gada zuwa waccan, wai shi ya yi balaguro.

Amma a yi musu adalci. Iyakar gudu mil 4 ne a awa. A Caen Hill, kusa da Devizes, makullan ruwa 29 ne cikin mil 2, wato matakan da ke ɗaga jirgi zuwa kan tudu, kowanne sai an sauka an tura ƙofa da hannu, an jira ruwa ya cika. Kafin ka kai sama, tsohuwar da ta wuce ka da karenta da safe ta je gida, ta yi barcin rana, ta dawo.