Hanyoyi huɗu na hawa Mont Blanc, da abin da ke faɗowa a kowacce

Duk mai niyyar hawa Mont Blanc, tsauni mafi tsawo a jerin tsaunukan Alps, tsakanin Faransa da Italiya, ya fara sanin cewa tsawon tsaunin bai tsaya wuri ɗaya ba. Dutsen kansa ya ƙare a mita 4,792. Daga nan zuwa sama rawanin ƙanƙara ne, iska na naɗawa tana warwarewa. Shi ya sa duk bayan shekara biyu masu awon ƙasa na yankin Haute-Savoie suke ɗaukar kayan aikinsu su hau su sake aunawa. A 2021 sun samu mita 4,807 da ɗoriya, a 2023 suka samu 4,805 da ɗoriya. Wanda ya hau a 2021 ya fi na 2023 da mita biyu, kuma babu inda za a ɗaukaka ƙara.

An taɓa gwada gini a can. Masanin taurari Jules Janssen ya sa aka haƙa ana neman dutsen da za a kafa harsashi, ba a tarar ba, sai ya kafa ɗakin bincikensa a kan ƙanƙarar a 1893. Zuwa 1909 ƙanƙara ta haɗiye ɗakin. Faransa da Italiya kuwa har yau ba su daidaita kan mai ƙololuwar ba.

Hanyar da aka fi bi ita ce ta Goûter. Daga garin Saint-Gervais ƙaramin jirgin ƙasa zai kai ka Nid d'Aigle, wajen mita 2,370, wato kusan tsawon Chappal Waddi na Taraba, wanda ya fi kowane tsauni a Najeriya. A nan ake sauka a fara tafiya. Sama kaɗan da masaukin Tête Rousse akwai wani kwazazzabo da dole a tsallaka, tafiyar da ba ta wuce 'yan mintoci ba, kuma ta cikinsa ne tsaunin ke zubo da duwatsunsa. Dalilin a fili yake. Ƙanƙarar da ke cikin tsagogin dutse ita ce ke riƙe da shi, to idan rana ta buga ta narke, sai riƙon ya saki. Wani dutsen kamar dunƙulen hannu, wani ya kai girman mota. Tsakanin 1990 da 2017 mutum fiye da 100 suka rasu a wannan ɓangare na hanyar, kuma ban ga dalilin da mai ba da shawara zai ɓoye wannan adadi ba. Ƙa'idar tsallakawa ita ce ka ɗaura hular kwano, ka tsaya a gefe, ka kasa kunne, ka kalli sama, sannan ka wuce da sauri amma ban da gudu. Bayan haka sai masaukin Goûter a mita 3,835, gini mai siffar ƙwai da aka buɗe a 2013, mai ɗaukar mutum 120. Tun 2019 sai da shaidar ka kama gado kafin a bar ka ka wuce, akwai ma'aikata a hanya masu dubawa.

Hanya ta biyu ta wanda ba ya son dutse ya faɗo masa ce. A nan ƙanƙara ke faɗowa. Daga garin Chamonix akwatin da ke tafiya a jikin waya zai ɗaga ka zuwa Aiguille du Midi, mita 3,842, cikin kimanin minti ashirin, ka kwana a masaukin Cosmiques, ka ratsa kafaɗar Mont Blanc du Tacul da ta Mont Maudit kafin ka isa uban gayyar. A saman hanyar akwai gundumomin ƙanƙara, wasu sun kai gidan bene, a rataye, kuma su ba ruwansu da safe ko yamma. A Agustan 2008 sun kashe mutum takwas a Tacul, a Yulin 2012 zaftarewar dusar ƙanƙara ta kashe tara a Maudit.

Ta uku, ta Grands Mulets, ita ce mafi kusa da inda Jacques Balmat da likita Michel-Gabriel Paccard suka bi ranar 8 ga Agustan 1786, hawan farko ke nan. A wannan hanya, ban da abin da ke faɗo maka, kai ma kana iya faɗawa. Ta kan kogin ƙanƙara ake bi, shi kuwa kogi ne na gaske, yana gangarowa, sai dai a hankali, kuma duk inda ya bi ta kan tudu sai ya tsage. Dusar ƙanƙara ta zo ta rufe bakin tsagar, ta yi sumul, a ido ba ta da bambanci da ƙasa mai kyau. Wannan ya sa ake ɗaure mutane da igiya ɗaya, da tazarar mitoci a tsakani, don idan na gaba ya ɓace na baya ya cake gatarinsa ya riƙe shi. A zaɓi abokin igiya da natsuwa, a kuma duba nauyinsa. Kogin ƙanƙara na Bossons da ke wannan ɓangare yana da amana, abin da ya karɓa yakan mayar bayan shekaru masu yawa. Jiragen Air India biyu sun faɗi a tsaunin, a 1950 da 1966, kuma a 2013 wani mahayi ya tsinci akwatin duwatsu masu daraja a kan ƙanƙarar, ya kai wa jandarmomi. Da aka nemi magada ba a samu ba, a 2021 aka raba biyu, rabi nasa, rabi na hukumar Chamonix.

Ta huɗu daga Italiya take, ta kogin ƙanƙara na Miage da masaukin Gonella. Doguwa ce, ba cunkoso. Wani malamin coci, Achille Ratti, ya sauko ta nan a 1890, daga baya ya zama Fafaroma Pius na XI. Bin hanyar ba ya cikin sharuɗɗan samun muƙamin.

Duk wadda ka zaɓa, agogo ne ke mulki. Ana tashin mutane wajen ƙarfe biyu na dare, a ɗaura ƙarafa masu tsini a ƙasan takalmi, a kunna fitilar goshi a fita, domin sanyin dare ne ke daskarar da murafan tsagogi ya kuma liƙe duwatsu. Iskar da ake shaƙa a ƙololuwa rabin ta bakin teku ce da ɗan ƙari, ga ciwon kai, ga tashin zuciya. Idan an isa, a ɗauki hoto a juyo, don kwazazzabon nan na hanyar Goûter yana jiran mai saukowa da rana tsaka, lokacin da ya gaji kuma dutsen ya yi ɗumi. Idan ɗan jagora ya ce a koma, a koma, ko da saura taku ɗari. Ƙungiyarsu ta Chamonix tun 1821 take wannan aiki.

Batun kaya, a taƙaita. A 1838 'yan jagorar Henriette d'Angeville sun ɗaga ta sama a ƙololuwa don ta zarce tsaunin, wannan bai buƙaci ƙarin kaya ba. Amma a 2007 wasu daga Suwizalan sun hau da bahon wanka na ruwan zafi, suka haɗa shi a can suka shiga. A 2019 wani Bature ɗan Ingila ya goya injin motsa jiki irin na tuƙin kwalekwale, daga baya ya ajiye shi kusa da mafakar gaggawa ta Vallot, a mita 4,362, ya sauko abinsa.

Irin wannan ne ya ƙure haƙurin magajin garin Saint-Gervais na lokacin, Jean-Marc Peillex. A Agustan 2022, da zafi ya tsananta duwatsu suka yi ta zuba, aka rufe masaukan Tête Rousse da Goûter na kusan mako biyu, shi kuma ya kawo shawarar duk mai dagewa sai ya hau ya ajiye Yuro 15,000 tukuna: 10,000 kuɗin ceto, 5,000 kuɗin jana'iza. Shawarar ba ta zama doka ba. Ceto a ɓangaren Faransa har yanzu jandarmomin tsauni ne ke yinsa da jirgi mai saukar ungulu, ba a cajin wanda aka ɗauko, sai dai jirgin ba ya tashi cikin hazo ko iska mai ƙarfi, don haka a duba hasashen yanayi kafin a ɗaura takalmi.