Ka Ɗaura Babbar Kafireta, Saura Jet: Jagora Ga Mai Gaggawa

Ka cire kafiretar da kamfani ya sa wa babur ɗinka, ka ɗaura PZ30 a kan injin da bai wuce sisi 125 ba, don wani abokinka ya rantse cewa tasa har tashi sama take yi. Yanzu ga mashin yana tari da safe, yana shaƙuwa da rana, in ka murɗa totur sai ya yi shiru yana tunani kafin ya amsa. Kada ka damu. Ga hanyoyin da za ka bi ka ƙarasa shi.

Da farko, kada ka yarda wani ya ɓata maka lokaci da bayanin yadda abin yake aiki. Za su ce maka kafireta ba famfo ba ce, iskar da injin ke zuƙa ce ke jan fetur ta cikin ƴan ramukan tagullar nan da ake kira jet. Za su ƙara da cewa in maƙogwaron kafireta ya yi wa injin faɗi, iskar takan rage gudu, jan man ya yi rauni, shi ya sa babbar kafireta a ƙaramin inji take kasala a ƙasa, kuma sau da yawa sai an ƙara girman jet. Gaskiya ne, amma kai kuɗi ka biya, ba darasi ka zo ɗauka ba.

Haka kuma ka toshe kunnenka in bakanike ya fara lissafa maka cewa aikin a rabe yake. Wai ƙaramin jet, na silo, shi da sukurin iska ne ke riƙe da mashin daga tsayuwa zuwa kwatan totur; allura ta karɓa daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu; babban jet kuwa sai ka kusa murɗewa duka yake da ta cewa. Ma'ana, in mashin yana mutuwa a danja, babban jet ba shi da laifi. Kai dai shi za ka canja, domin shi ne babba, kuma a ƙasar nan babba ake fara gaisarwa.

Sai maganar lamba, inda hikimarka za ta fito fili. Je ka wurin mai kayan gyara ka ce a ba ka lamba 110, kada ka faɗi na wace kafireta. Keihin da Mikuni, masu ƙera kafireta, duk ƴan Japan ne, amma ba bakinsu ɗaya ba. A wurin Keihin lambar kusan faɗin ramin take nufi, wato 100 milimita ɗaya ke nan. Mikuni kuwa, a jet ɗinsa mai kusurwa shida, yawan man da ke wucewa yake ƙirgawa. Saboda haka 110 ɗin wannan ba 110 ɗin wancan ba ne, ko zaren sukurinsu ma ba lallai ya zo ɗaya ba. In bai shiga ba, ka matsa da ƙarfi. Tagulla tana da haƙuri. In kuma ramin ya yi maka ƙanƙanta, ga allurar ɗinkin uwargida ko wayar burki, ka buɗa shi da ido. Daga ranar lambar da ke jikinsa ta zama tarihi, kuma babu mahalukin da zai sake sanin girmansa, har da kai.

Masu tsoron asara sukan fara da jet mai ɗan girma, su riƙa saukowa mataki-mataki, 110 zuwa 108 zuwa 105, har injin ya washe. Hujjarsu ita ce mai in ya yi yawa, iyakarta baƙin hayaƙi da fulogi mai kunkunniya da aljihu mai ramuwa. In ya yi kaɗan kuwa, injin da iska ce kawai ke sanyaya shi zai ɗau zafi, ya fara ƙarar ƙarfe, wata rana fistin ya huje ko ya kama a tsakiyar titi. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wa zai ga laifinka in ka fara da mafi ƙanƙanta? Abin da ka tara na fetur a wata uku ka haɗa da bashi ka sayi fistin da zobe.

Akwai wata al'ada ta karanta fulogi, ina gaya maka ne don ka guje ta. Sukan ɗumama injin sosai, su sa sabon fulogi, su sami miƙaƙƙiyar hanya marar jama'a su murɗe totur na ɗan lokaci, sannan su kama kuloci su kashe injin nan take, ba tare da sun bar shi ya yi silo ba. Sai su kwance su duba. In bakinsa ya yi launin shayi da madara, an dace. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan. In ya yi baƙi ƙirin da toka, ya yi yawa. Wasu ma ba sa kwance komai: suna cikin gudu sai su ɗan sassauta totur kaɗan, in mashin ya ƙara kuzari maimakon ya rage, sun san babban jet ya yi ƙanƙanta. Ko su ja cok, in tarin ya lafa, yunwar mai ce. Duk wannan ɗawainiya ce. Kai ka tsaya a ƙofar gida ka yi ta zuga totur mashin na kan jak, maƙwabta su shaida. Injin da ba ya ɗauke da kaya ba zai gaya maka komai game da babban jet ba, amma ai ƙarar ta yi daɗi.

Muhimmin sirri: canja komai a lokaci guda. Sauya jet biyun, ka matsar da ƴar maƙalar allura daga tsagi na uku zuwa na ƙasa don allurar ta ɗaga mai ya ƙaru, ka juya sukurin iska yadda hannunka ya so, ka cire matatar iska, ka fasa salansa. In abin ya gyaru ba ka san dalili ba, in ya lalace ma haka, ka ga babu wanda za a zarga. Masu bin ƙa'ida sukan mayar da sukurin ciki a hankali har ya zauna, su warware shi zagaye ɗaya da rabi, su nemi inda silo ya fi tashi. In sai sun wuce zagaye uku ko sun kasa kai ɗaya, sun san jet ɗin silo ne bai dace ba. Har robar da ke haɗa kafireta da inji suke dubawa, wai in ta tsage tana satar iska, ko jet ɗin duniya ka sa ba za ta daidaita ba.

In ka gama saiti a Kano, wadda tsayinta daga teku bai kai mita 500 ba, ka hau zuwa Jos mai kimanin mita 1,200. Iskar can ba ta da kauri, don haka man zai yi wa injin yawa, ya yi nauyi a hawa. Da hunturu kuma iska mai sanyi ta fi kauri, sai man ya ɗan gaza, kafin ƙura ta toshe matata ta juya lissafin. A duk waɗannan lokuta ka ce gidan mai ne suka gauraya maka da kananzir.

Tsohuwar kafiretar kuwa kada ka sayar wa ɗan gwangwan. Kunsa ta a leda ka ajiye a ƙarƙashin gado, ka gaya wa abokai ka jefar. Ranar da za ka mayar da ita, ka je wurin bakaniken wata unguwa, bayan isha'i.